Sabon kaset a tsohuwar na'ura: amsar da na ba yarona

Ka ce ka ga an rubuta 2019 a gindin allon wasan nan da mai kaya ya kawo jiya, alhali na'urar wasan Nintendo da ke cinsa ta girme ka nesa ba kusa ba. Kana tambaya wai jabu ne, ko kuwa har yanzu kamfanin na buga kaset? In kuma ba kamfanin ba ne, wa ke yi, kuma kai ma za ka iya? To, aje ƙarfen dalmar nan kada ka ƙona tebur, jawo benci.

Ba jabu ba ne. Jabu shi ne irin kaset ɗin nan mai ruwan ɗorawa da aka riƙa shigo mana da su ta Jibiya da Ɗan Isa muna samari, a rubuta maka wasa dubu tara da ɗari tara a jiki, ka kunna ka tarar guda goma ne ake ta juya musu suna. Wancan kwafar aikin wani aka yi. Wanga kuwa sabon wasa ne fil, wasu mutum biyu a Balin ta ƙasar Jamus suka zauna suka rubuta shi daga tushe, sunansa Micro Mages, sunan ɗan kamfaninsu Morphcat. Ita na'urar ba ta san shekara ba. Nintendo ta fitar da ita a Japan cikin 1983 da sunan Famicom, ta kai ta Amurka a 1985 da sunan NES. Ƙwaƙwalwar da ke cikinta ƴar gidan 6502 ce, kuma duk wanda ya yi mata magana da yaren da take ji, za ta yi masa biyayya ko yau ko shekara arba'in baya. Kamfanin ya daɗe da daina buga mata kaset, amma masu sha'awa ba su daina ba. Haka abin yake ga Sega: a 2018 wani Bature ɗan Ingila, Matt Phillips, ya fitar da Tanglewood a Mega Drive, na'urar da ta fito tun 1988. Har Atari ta 1977 ana yi mata.

Abin da nake so ka gane shi ne ƙuncin wurin. Wasan nan da ka gani, da hotunansa da kiɗansa da komai, kilobayit 40 ne. Talatin da biyu na umarni, takwas na zane. Hoto guda da ka ɗauka da wayarka ranar sallah ya ninka shi sau hamsin ko fiye. Wurin da na'urar ke ajiye lissafinta tana cikin aiki kuwa bayit 2048 ne kacal. Atari ma 128 gare ta. Kamar a ba ka ɗaki ɗaya a ce ka zuba iyali da baƙi da buhunan hatsi, kuma kowa ya samu wurin miƙe ƙafa.

Ga misali da zai yi maka amfani ko ba ka taɓa rubuta wasa ba. Duk abin da ke motsi a allo, mutum ne ko harsashi ko tsuntsu, an haɗa shi ne da ƴan tubala masu faɗin ɗigo takwas. Na'urar na iya riƙe 64 a lokaci guda, amma a kan layi ɗaya na allo takwas kaɗai take iya zanawa. Na tara sai ya ɓace. In ɗan wasanka faɗin tubali biyu ne, mutum huɗu suka jeru sun cinye layin. Shi ya sa masu rubutu ke yin dabara, su riƙa sauya wanda za a ɓoye a kowane ƙiftawa, sai ka ga mutanen suna walƙiya. Ni da nake sabon shiga, kwana biyu na yi ina cire kondansa ina mayarwa a wata na'ura saboda wannan walƙiya, na ɗauka ciwo ne. Maigidana ya bar ni sai da na gaji, sannan ya sa wani kaset ya ce in duba. Lafiyarta ƙalau. Su waɗancan mutanen Balin da suka so mutum huɗu su yi wasa tare, sai suka ƙanƙanta ƴan wasan yadda kowa zai ci tubali ɗaya a layi. Filin wasan ma rabi suka zana, ɗayan rabin madubinsa ne, don su tsimi wuri. Wannan ni shi ke burge ni, ba launi ba.

Yanzu batun ko za ka iya. Za ka iya, amma aikin gida biyu ne, kuma gida ɗaya kaɗai nake da hannu sosai a ciki.

Gidan farko rubutu ne, a kwamfuta ake yi, kuma kayan aikin yawanci kyauta suke. Na Famicom akwai cc65, da shi ake juya abin da ka rubuta ya koma yaren na'ura. Na Sega akwai SGDK, wani Bafaranshe ne, Stéphane Dallongeville, ya haɗa shi, da yaren C ake aiki. In kana son ka ga abu na motsi tun kafin ka koyi yare, akwai GB Studio na Game Boy, ƴar na'urar wasan hannu ta Nintendo, wanda ya fito a 2019, jawo ka ajiye ne, kamar mai jera kaya a shago. Allon Game Boy ɗigo 160 ne a 144, launi huɗu, ba ka da wurin ɓacewa. Gwaji kuma akwai manhajojin da ke kwaikwayon na'urar a cikin kwamfuta, irin su Mesen da FCEUX. Ƙanen nan naka da ke Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ya fi ni sanin wannan fanni, ka riƙe shi.

Gida na biyu namu ne. Buɗe kaset ɗin can da ya mutu ka gani. Ƙwaƙwalwa biyu ce a kan allo, ɗaya ta umarni, ɗaya ta zane. In wasanka bai wuce kilobayit 40 ba, 27C256 da 27C64 sun ishe ka. Ka zuba musu wasan da na'urar rubutu irin TL866 ɗin da muke yi wa tele aiki da ita, ka dasa, ka kama da dalma. Ka lura da ɗan tsagin da ke kan ƙwaƙwalwar, in ka juya ta baibai ka kunna, sai dai ka sayi wata. Masu taga a baya, hasken da ke goge su yana cikin rana ma, don haka ka manna takarda a kan tagar. Ranar Maraɗi ta watan Afrilu ba ta da wasa. Akwai kuma wasu ƴan wurare biyu a allon, ɗaya H ɗaya V, guda ake haɗewa da ɗigon dalma gwargwadon yadda filin wasan ke tafiya. Ka haɗe wanda ba shi ba, wasan zai tashi amma bangon zai rikice kamar an yayyaga tabarma an sake ɗinkawa. In wasa ya fi 40 girma, sai an ƙara wata ƙwaƙwalwar da ke buɗe shi shafi-shafi, kuma a nan ƙafafun ba kullum suke dacewa ba, sai ka ja waya. Kada ka fara da wannan.

Sai abin da Turawan da ke rubuta wasannin ba su cika damuwa da shi ba, mu kuwa shi ne gabanmu. Na'urorin da ke gidajen mutane a nan, daga unguwar Zariya har Bagalam, da wuya ka samu ta asali. Kwaikwayo ne ƴan Sin, ka buɗe ka ga ɗigon baƙi guda kamar kwalta, duk na'urar tana ƙarƙashinsa. Bakinsu haƙori 60 ne irin na Japan, kaset ɗin Amurka kuwa 72, sai da mahaɗi. Ta Amurka tana da makulli a ciki da ke ƙin baƙon kaset, ta Japan da ƴan kwaikwayonta ba su da shi, wannan sauƙi ne gare mu. Amma sautinsu kan karkace, kuma wasu manyan kaset ba sa tashi a kansu sam. Ga batun gudu: wasan da aka auna shi a kan ƙiftawa 60 a daƙiƙa, in ya hau na'ura mai 50, zai yi nauyi da kusan kashi ɗaya cikin shida, har kiɗan ya ja ƙafa. Saboda haka duk abin da ya yi kyau a kwamfuta, ban yarda da shi ba sai na gan shi a kan na'urar da ke ƙarƙashin teburin nan da tsohuwar telen can mai ƙeya.

Wuta kuma, ka ji da kyau. Tamu 220 ce, Japan 100, Amurka 120. Cajar NES ta asali wutar da ba a daidaita ba take fitarwa, Famicom da Sega ta farko kuwa daidaitacciya suke so, mai ragi a tsakiyar baki. Bakin ya shiga ba shi ne ya dace ba. Na taɓa ƙona Sega ta wani alhaji da wannan ganganci, hayaƙi ya tashi ina kallo, na biya daga aljihuna. Ka sa mita kafin ka sa caja. In na'ura ta ƙi tashi, fara da 7805 mai daidaita wuta, ka ga ko volt biyar na fita. Wasu kaset masu araha na yanzu kuma ƙwaƙwalwarsu ta volt 3.3 ce aka jona ta kai tsaye a layin biyar, ba abin da ke rage mata, tana aiki tana cin kanta. Kuma don Allah ka daina hura kaset da baki kamar yadda na ga kana yi. Ƙurar hunturu ce ke hana shi kamawa, yawunka kuwa tsatsa yake jawowa. Auduga da ɗan alkol.

Kuɗi fa? Kada in yaudare ka. Masu sayen irin wannan kaya yawancinsu suna Turai da Amurka da Japan, manya ne da suka yi wasan suna yara, yanzu suna da abin hannu. Yaran unguwarmu ƙwallon PlayStation suke so. Gyaran waya da tele shi zai ci gaba da ciyar da kai. Kuma kada in ji ka kwafi wasan mutanen Balin ɗin nan kana sayarwa a babbar kasuwa, guminsu ne, suna sayar da shi da kansu, har wanda ake saukewa ta intanet.

In ni ne kai, da dara zan fara. Dubi tsofaffin can na gindin bedi: gurbi talatin, biyar a shida, kowa da ƴaƴa sha biyu. Gurbi talatin bayit talatin ke nan, ko wannen su ko fanko, ko naka, ko na abokin karawa. Babu gudu, babu tsalle, babu walƙiya, don ƴaƴan ma a bango za ka zana su, abin nuni kaɗai ke motsi. Hannun wasan maɓalli takwas ne, bayit ɗaya cif, ta cikin ƴar ƙwaƙwalwa 4021 ɗin nan da ka canza makon jiya yake wucewa ɗaya bayan ɗaya. Ka fara da mutum biyu suna karawa, na'ura na duba wanda ya jera uku ta ba shi damar ci. Koya mata ta yi wasa da kanta, wannan sai baya. Rubutun allo kuma da Hausa za ka yi shi, tunda kai ke zana haruffan da hannunka, ɗigo takwas a takwas. Ba wanda zai hana ka ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Lanƙwasar ƙ ce za ta ba ka wahala a wannan ɗan fili, sai ka rage tsawon sandar.

Ɗauko takarda mai gida-gida a cikin durowa ka zana min ita yanzu, kafin mai telen nan ya dawo daga sallar la'asar. In ka gama, ka share haƙoran kaset ɗin mutumin, gobe da safe zai zo karɓa.