Amsa ga ɗan uwanmu na Kusiri (garin Kamaru da ke daura da Injamena) mai son shiga Libiya ba takarda

Ɗan uwa, na karanta tambayarka har zuciyata ta yi nauyi. Ka ce kana son bin hanyar Faya ta arewacin Chadi ka shiga Libiya ba fasfo ba biza, kana tambaya ko kuɗin da za ka samo halal ne, alhali Inna ba ta yarda ba. Ni ma na bi hanyar nan.

Ni ba malami ba ne. Na ji masu cewa keta dokar ƙasa saɓa wa shugabanni ne, na ji masu cewa ƙasar Allah mai faɗi ce. A ganina wanda ya yi dako ko ya kwaɓa siminti da guminsa bai ci haram ba. Masu cin haram su ne masu sayar da mu.

Wanda ya haɗa ni da direba a Injamena ɗan unguwarmu ne, kullum yana sahun gaba a masallaci. Ya karɓi kuɗina, ya rantse an biya har Sabha, babban garin kudancin Libiya. Muna wuce Gatrun, kafin mu kai Sabha, aka sauke mu daga bayan Hilux, aka tura mu gidan bashi, inda ake tsare mutum sai an biya kuɗi, wai ɗan unguwar nan tamu ko dala bai ba su ba. Wayar lantarki suke dukanmu da ita a tafin ƙafa, su kira gida a bar wayar a buɗe. Mahaifiyata tana ji ina ihu. Ta sayar da keken ɗinkinta da tumakinta biyu. Mutumin nan kuwa har gida ya je yi mata jaje! Yau in mun haɗu sai ya miƙo min hannu. Allah ya isa, ban yafe ba.

To ka ga wa ya biya kuɗin tafiyata? Shi ya sa maganar Inna ta fi damuna a kan maganar takarda. Kada ka fita tana kuka.

Kuma kada wani ya ruɗe ka da zinaren Kuri Bugudi da ke arewacin Chadi kusa da iyakar Libiya, a watan Mayun 2022 kusan mutum 100 aka kashe a faɗan masu haƙa. Marar takarda ko ubangidansa ya hana shi albashi ba shi da inda zai kai ƙara, shi za a fara kamawa.

In dai Kusiri ce ta ishe ka, tun 2017 ƙasashen CEMAC, wato ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka da Kamaru da Chadi ke ciki, suka cire wa junansu biza. Ka yi fasfo, ka gwada Duwala ko nan Injamena tukuna. In ka ƙi ji, to kada ka ba ɗan kamasho kuɗin hanya duka a dunƙule, kuma ka haddace lambar gida, don waya ita suke fara ƙwacewa.