Me ya sa waƙoƙin tsofaffin finafinai suka fi shiga rai?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko waƙoƙin finafinan Hausa na wajajen shekarar 2000 sun fi na yanzu daɗi ne, ko kuwa kewar ƙuruciya ce kawai ke damunmu. Ni dai na ce duka biyun.

Ta fuskar kayan aiki, na yanzu sun fi. A lokacin fiyano ɗaya ce ta Yamaha a situdiyo, ita ce kalangu, ita ce sarewa. Amma kunnenmu ya riga ya saba da salon Indiya tun daga silimun Kano irin su Plaza da Orion, inda namiji zai yi baiti mace ta amsa masa, shi ya sa waƙoƙin suka same mu a shirye.

Sannan wahalar samu ma tana ƙara wa abu daraja. Kaset ɗaya muke da shi a gidanmu, in rediyo ta cinye zaren, sai yayata ta sa biro ta naɗe shi a hankali, mu kuma mun yi tsuru-tsuru muna jira. Waƙa shida za ka ji wata guda cur, dole ka haddace. Wallahi har yau in na ji ɗaya a gidan biki, ƙamshin turaren wutar ɗakin mahaifiyata nake ji, Allah Ya jiƙanta.