Allurar gaɓoɓin ƙashin baya: tana warkar da ciwon ƙugu?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni ɗan kasuwar hatsi ne, shekaruna 52, kuma ina da ciwon suga. Fiye da shekara ke nan ƙuguna yana ciwo, musamman idan na daɗe a tsaye ko na ɗago daga ruku'u, amma da na zauna sai ya lafa. Na sha ƙwayoyi, an yi mini allurai a ɗuwawu har na gaji. Wani likita a Yamai ya ce za a iya yi mini allura cikin gaɓar ƙashin baya, sai dai abokaina sun ce tana shanye ƙafafu. Shin gaskiya ne, kuma tana warkarwa? Daga mai karatunku a unguwar Mokoyo, Maradi.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah ya ƙara sauƙi. A ƙugun mutum akwai ƙasusuwa 5 jere bisa juna, kowanne yana haɗuwa da na ƙarƙashinsa ta ƙananan gaɓoɓi biyu a baya, ɗaya dama ɗaya hagu, waɗanda likitoci ke kira faset. Shekaru da ɗaukar buhuna suna cinye guringuntsinsu, kuma ciwon da ka kwatanta ya yi kama da nasu. Amma kama ba tabbaci ba ne, domin mutane da yawa masu shekarunka hoton ƙashinsu yana nuna zaizayewa alhali ba sa jin komai.

Idan za a yi allurar, mutum yakan kwanta ruf da ciki, a wanke fatar a kashe wurin, sannan likita ya tura siririyar allura yana kallon tafiyarta a na'urar hoto har bakinta ya shiga gaɓar, ya zuba maganin kashe zafi irin su lidokayin haɗe da kotizon mai rage kumburi. Aikin ba ya cika wuce rabin sa'a. Gaɓar tana gefe, ba a kan hanyar laka take ba, ita kuwa lakar a jikin babban mutum tana ƙarewa ne wajen ƙashi na farko ko na biyu na ƙugu, saboda haka shanyewar ƙafafu abu ne da ba kasafai ake gani ba. Sharaɗin shi ne ƙwararre ya yi ta da na'urar hoto da tsabtatattun kaya. Wanda ya ce zai lalubo gaɓar da yatsa a ɗakin shan magani, kada ka yarda.

Batun warkarwa kuwa, ba ta mayar da guringuntsin da ya cinye. Maganin kashe zafin yana aiki na ƴan sa'o'i, kuma a ganina nan ne babban amfaninta: idan ka tashi ka gantsare ka ji ciwon ya tafi, an gano inda yake fitowa. Kotizon yana fara aiki bayan ƴan kwanaki, sauƙin ya kai makonni ko ƴan watanni, wasu ma ba sa samun komai. A 2016 NICE, hukumar Ingila mai fitar da ƙa'idojin jinya ga likitoci, ta ce kada a riƙa yin alluran baya a matsayin maganin ciwon ƙugu na yau da kullum, amma ta amince da allurar gwaji a kan ƴar jijiyar da ke kai saƙon zafi daga gaɓar, wadda idan ta tabbatar sai a ƙona jijiyar da zafin lantarki, a samu sauƙin wata 6 zuwa shekara kafin ta sake tohowa.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarka shi ne abin da ya kamata a duba tun kafin a zo ga allura. A ƙasarmu tarin fuka yana kama ƙashin baya, haka nan cutar da ake ɗauka daga madarar da ba a tafasa ba tana kama gaɓoɓin ƙugu, kuma zuba kotizon a inda ƙwayar cuta take ƙara rura wutar yake yi. Idan kana da zazzaɓi, gumin dare, rama, ko ciwon da ke tashinka daga barci, ka faɗa wa likita a yi gwajin jini da hoto. Idan kuwa fitsari ya fara kuɓuce maka, ko tsakanin cinyoyinka ya mutu, ko ƙafa ta yi rauni, asibiti za ka nufa a ranar.

Kotizon yana ɗaga suga na kwanaki, don haka sai ka riƙa aunawa kullum a makon farko, kuma ba a so a wuce allura 3 ko 4 a shekara saboda yana raunana ƙashi. Ka sanar da likita idan kana shan maganin tsinka jini irin su warfarin. Idan alluran da ake ta yi maka a ɗuwawu na maganin kashe zafi diklofenak ne, ka dakatar da su, domin ƙodar mai ciwon suga ba ta jure su. Idan an yi allurar ka samu sauƙi, ka yi amfani da makonnin nan wajen koyon motsa jikin da ke ƙarfafa naman ciki da na baya a hannun masu gashin ƙashi na asibiti, ɗaukar buhu kuma ka bar wa ƴan dako.