Indomin ƙarfe da yaɓen da ke jikinsa

Yaro, ka ce indomin da muka ciro daga salansar motar Beljiyam ɗin nan, wato na'urar da ke rage gubar hayaƙi, bai fashe ba, bai toshe ba, amma kwamfuta tana ta nuna P0420, lambar da ke cewa indomin ba ya aiki yadda ya kamata, har kana shawarar a jiƙa shi a ruwan batir. Kul, kada ka soma.

Wannan ba irin na laka ba ne da ka saba gani a Corolla. Siririn fallen ƙarfe ne aka lanƙwasa aka naɗe, kaurinsa wajen 0.05 na milimita, an haɗa shi da kuromiyam kimanin kashi 20 cikin 100 da alminiyam kashi 5. Yana jure gargadar hanya, yana kuma saurin ɗaukar zafi, domin indomi ba ya fara aiki sai ya kai wajen digiri 250 zuwa 300. Amma ƙarfen ɗan dako ne kawai. Mai aikin shi ne farin yaɓen nan na alumina (haɗin alminiyam da oksijin) da ke cikin ramukan, wanda ke riƙe da ƙarafa masu tsada: filatinam, faladiyam da rodiyam. Su ke juya gubar hayaƙi, su ne kuma masu saye suke bi gareji-gareji a Ƙofar Ƙaura suna nema.

Wahalar masu ƙera shi ita ce yaɓen ya zauna. Ka san yaɓe ba ya kama bango mai santsi. Shi ya sa sai sun gasa fallen a wuta wajen digiri 900, alminiyam ɗin cikinsa ya fito ya yi kaushi, sannan su shafa. Duk da haka ƙarfe ya fi yaɓen buɗewa idan ya ji zafi. Fulogi ya mutu, ɗanyen fetur ya gangaro ya kama da wuta a ciki, sai yaɓen ya tsage ya zube, ƙarfen kuwa yana nan garau yana yaudarar ido. Injin mai shan baƙin mai shi ma kashe shi yake yi, sai dai a hankali: fosfaras da zinki su lulluɓe saman. Ruwan lagireto daga gasket haka.

Ruwan batir ɗinka zai cinye ɗan abin da ya rage. Kafin mu ce wa Alhaji mai motar ya sayi wani, ɗauko mita ka gwada min sensar oksijin da ke bayan indomin, ka duba ko salansar na yoyo, sannan ka kwance fulogan nan in ga bakinsu.