Me ya sa masu bincike ke ɗumama gonar alkama?

Tambaya daga wani manomin rani a Kadawa: Malam, na ga hoton wata gonar alkama a Amurka an rataya mata hita a sama. Ashe alkama zafi take so?

Amsa: A'a, ɗan'uwa, gwaji ne ka gani. A Marikofa da ke jihar Arizona, tsakanin 2007 da 2009, masu bincike sun kafa ƙarafa kewaye da wasu ƙananan filaye, suka rataya hita masu aiki da lantarki suna ɗumama ganyen alkama. Ba su rufe gonar ba. Iska da raɓa da ƙwari duk suna shiga yadda suka saba. Sun nemi ƙarin zafin maki 1.5 da rana da maki 3 da dare a ma'aunin Celsius, a gefe kuma ga filin da ba a taɓa ba, don a gwada da shi. So suke su ga tun yau abin da ɗumamar yanayi za ta yi wa amfanin gona nan gaba.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne sun riƙa shukar a watanni daban-daban. Wadda aka shuka cikin sanyi ba ta damu da hitar sosai ba. Wadda aka makara, ƙarin zafin ya sa ta nuna da wuri, amfani ya ragu.

Kai ma ka san wannan a gonarka. Murza zangarniyar alkamar da zafin Maris ya riske ta tana madara, za ka ga tsabar ta motse, ba nauyi a tafin hannu. Don haka ka yi shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, ta yi fure cikin hunturu. Na san shinkafar damina ce ke tsare wa da yawa fili, kuma abin yana damuna ƙwarai. In haka ne, ka nemi irin shinkafa mai saurin nuna. Kada kuma ban ruwan alkamar ya yanke lokacin fure da cika tsaba.

Wani kuma ya ce: Masara fa?

Ita ma tana jin jiki. Wani nazari na 2011 ya duba gwaje-gwajen masara sama da 20,000 a Afirka, ya gano zafin da ya haura maki 30 yana rage amfani, kuma ɓarnar ta fi yawa idan ya haɗu da fari. In masararka ta rani ce, lokacin da take fitar da gemu ne ya kamata ka fi kula da ruwanta.