Tambaya da Amsa: Me Za Mu Zuba wa Mota Idan Fetur Ya Gagara?

Tun ranar 29 ga Mayu 2023, da aka sanar da janye tallafin man fetur a Najeriya, yawancin wasiƙun da ke zuwa wannan fili a kan abu guda suke, wato abin da mota za ta iya sha ban da fetur. Mun tattaro masu kama da juna, mun taƙaita su, ga amsoshin.

Tambaya: Ina tuƙa Corolla ta 2005 a matsayin tasi, ina shan kimanin lita 20 a rana. Ana ta ce mini in juya ta zuwa CNG, wato iskar gas ta ƙasa da aka matse. Zan ci riba kuwa, kuma ba zai kashe mini inji ba? Direban tasi, Kaduna.

Amsa: Malam direba, irinka ne juyin ya fi yi wa amfani, amma ka fara da lissafi kafin ka je gareji. Ma'aunin da ake sayar da CNG da shi, wato mita kubik ɗaya, yana yin aikin lita ɗaya ta fetur, har ya ɗan zarce. To ka cire farashin ma'auni ɗaya daga farashin lita ɗaya a garinku, abin da ya rage shi ne rararka. A ce rarar naira 400 ce, kuɗin juyi kuma naira miliyan ɗaya. Lita 20 a rana za ta ba ka 8,000, kuɗinka ya dawo cikin kwana 125 na aiki. Ma'aikacin gwamnati da ke shan lita 3 daga gida zuwa ofis sai ya haura shekara biyu kafin ya fanshe. Shi ya sa ba ma ba kowa amsa iri ɗaya.

Sai batun nisa, wanda masu talla ba su cika faɗi ba. Silinda mai girman lita 65, wadda aka fi sa wa ƙananan motoci, tana ɗaukar ma'auni 13 zuwa 15 ne kawai idan aka cika ta a matsin bar 200. A Corolla wannan tafiyar kilomita 150 zuwa 180 ce. Kai mai lita 20, kusan sau biyu za ka shiga layi a rana. Idan gidan gas ɗin yana nesa da hanyar aikinka, ko layi na cinye maka sa'a biyu na lodi, ka sa wannan ma a lissafi. A garuruwan da bututu bai kai ba, da tirela ake kawo gas, shi ya sa yakan yanke, yakan kuma fi tsada. Bututun AKK mai tsawon kilomita 614, daga Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020, don magance irin wannan aka tsara shi. Wani abu kuma: gas yana ɗaukar zafi lokacin ɗuri, don haka idan ka sha da tsakar rana allura za ta nuna cike, in silinda ta huce ka ga ta sauka. Ɗurin asuba ya fi auki.

Inji ba ya mutuwa saboda CNG. Hasali ma baƙin mai ya fi daɗewa da tsabta, domin gas ba ya wanke bangon silindar inji kamar fetur. Inda yake ci shi ne bawul. Gas busasshe ne, ba ya sanyaya bawul ɗin fitar hayaƙi da mazauninsa, sai mazaunin ya riƙa lotsawa a hankali, tazarar bawul ta tsuke. In an bari, bawul ba zai rufe ruf ba, ya ƙone, a kai ga sauke kan inji. Maganinsa a auna tazarar bawul duk bayan kilomita 30,000 zuwa 40,000, kuma kada a bar mai saiti ya rage gas fiye da kima don wai a yi tattali, domin ƙarancin gas a cakuɗe shi ke ƙara zafi. Ƙarfin mota zai ragu da kusan kashi 10 cikin 100, za ka ji shi a hawan tudu da fasinja huɗu da iyakwandishan. Silindar kanta ta kai kilo 60 zuwa 70, ta cinye rabin but, kuma sifirin na baya da shokizoba za su ji a jikinsu.

Ga motarka mai injekta, ka nemi kayan juyi masu injektar gas ɗaya ga kowace silindar inji, da 'yar kwamfutarsu. Kada ka yarda da tsohon samfurin nan mai zuba gas a bakin bututun iska.

Tambaya: Wani mai walda a unguwarmu yana haɗa tukunyar gas ta mota a rabin kuɗi, wani kuma ya ce tukunyar girki ma ta isa. Mene ne gaskiya? Mai adaidaita sahu, Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, ka guje su duka biyun, ka kuma gargaɗi abokan aikinka. Gas ɗin girki yana zama a tukunya a matsin da ke tsakanin bar 2 da bar 10, gwargwadon zafin gari da irin haɗinsa. CNG kuwa bar 200 ne. Tukunyar girki faranti ne aka lanƙwasa aka yi wa walda. Silindar CNG ta ƙarfe ba ta da ɗinki ko ɗaya, daga dunƙulen ƙarfe ko bututu marar walda ake ƙera ta, a gasa ta, a gwada ta da ruwa a matsin bar 300 kafin ta bar masana'anta. Duk gwanintar mai walda, ɗinkinsa ne zai fara tsagewa, kuma a gidan gas zai tsage, lokacin da matsi ya kai ƙololuwa, mutane na tsaye a gefe. Haka ta faru a birnin Benin na jihar Edo a watan Oktoba na 2024, inda wata mota mai tukunyar haɗin gida ta tarwatse ana cikin ɗura mata, mutane suka jikkata.

Silinda ta gaskiya tana da rubutu da aka buga a wuyanta, ba fenti ba: lambar ƙa'ida ISO 11439 ko ECE R110, lambar silinda, matsin aiki, watan da aka ƙera ta, da shekarar da za a daina amfani da ita, wadda ke tsakanin 15 da 20 daga ƙira. A bawul ɗinta akwai fiyus da ke narkewa idan wuta ta kama, ya saki gas kafin ƙarfe ya fashe. Kada ka sayi ta hannu da aka goge lambarta ko aka yi mata sabon fenti a kan tsatsa. A ɗaure ta da maɗauran ƙarfe biyu masu shimfiɗar roba, a kan ƙarfen mota mai ƙwari, a kuma fitar da tiyon shan iska daga bawul zuwa ƙarƙashin mota. Ka karɓi takardar shaidar juyi, ka riƙa kai silindar gwaji duk shekara uku zuwa biyar.

Tambaya: An juya mini Honda wata biyu da suka wuce. A fetur lafiya lau, amma da ta koma gas sai ta riƙa shessheƙa, wani lokaci ta yi "tau" a cikin bonet. Mai aikin ya ce haka gas yake. Wata malamar makaranta, Abuja.

Amsa: Hajiya, ba haka gas yake ba. A fara da mafi araha. Gas ya fi fetur wuyar kamawa da wuta, yana neman tartsatsi mai ƙarfi, saboda haka filogi ko kwayil da ya gaji, wanda fetur ke rufa wa asiri, gas zai tona shi. A sa sabbin filogi, a ɗan tsuke bakinsu zuwa milimita 0.7 ko 0.8, a gwada kwayil ɗaya bayan ɗaya. Mafi yawan shessheƙa a nan take ƙarewa.

In ba ta daina ba, a duba ragulata, wato na'urar da ke sauke matsi daga bar 200 zuwa ƙasa da bar 2. Gas yana yin sanyi ƙwarai idan ya saki, shi ya sa ake ratsa ruwan lagireto ta cikinta. Makanikai da yawa a ƙasar nan suna cire tamostat da zarar mota ta shigo, wai don zafin Afirka. Motar da aka cire wa shi tana daɗewa ba ta ɗumama ba, ragulata ba ta samun zafin da take so, matsin gas ya riƙa hawa da sauka. A mayar da tamostat, a fitar da iska daga layin ruwa, a saita ta koma gas bayan ruwa ya kai digiri 30 zuwa 40. Sai matatar gas, wadda ake sauyawa duk kilomita 10,000 zuwa 15,000, domin man kwamfuresa na gidan gas yana biyo gas ya toshe ta. A ƙarshe a haɗa kwamfuta a yi saiti motar na tafiya a kan titi, ba a tsaye a gareji ba.

Ƙarar nan ta cikin bonet wuta ce ke komawa bututun iska. Ta fi faruwa a kayan juyi masu zuba gas a bakin bututu, domin bututun gaba ɗaya cike yake da gas, kuma in na roba ne tana iya fasa shi. Idan irinsu aka sa miki, sauya su ya fi gyara.

Ki riƙa barin fetur aƙalla kwatan tanki. Da shi mota ke tashi, kuma a motoci da yawa famfon mai yana ci gaba da juyawa ko kina kan gas, in tanki ya bushe ya ƙone. Ki yi tafiyar kilomita 15 ko 20 da fetur duk mako don kada injekta su daskare.

Tambaya: Mu a nan gas ɗin girki muke da shi daga matatar SORAZ, ba mu da CNG. Ana iya tuƙi da shi? Wani ɗan kasuwa, Damagaram.

Amsa: Ana yi, Alhaji, kuma ba sabon abu ba ne. Turkiyya da Koriya ta Kudu da Foland suna da motoci masu ɗimbin yawa a kan LPG, wato gas ɗin girki, 'yan tasin Ghana ma sun daɗe da shi. Ta wasu fuskoki ya fi CNG daɗin sha'ani: ruwa ne a cikin tanki, don haka tanki mai siffar taya da ke zama a gurbin safaya yana kai mota kilomita 300 ko fiye, ba shi da nauyi, ƙarfin inji kuma kusan bai raguwa. Sai dai mota tana shan lita 15 zuwa 25 cikin 100 fiye da fetur. Tunda da kilo ake sayar muku, ka sani kilo ɗaya kusan lita 1.8 ne, ka yi lissafi da haka.

Sharaɗi biyu ne. Tankin mota yana da bawul da ke tsayar da ɗuri a kashi 80 cikin 100, domin ruwan yana kumbura da zafi, a rana irin ta Damagaram kuwa wannan gurbin shi ne tsaro. Tukunyar girki ba ta da shi, ba a kuma yi ta don kwanciya ko girgiza a but ba. Na biyu, LPG ya fi iska nauyi, in ya yoyo kwanciya yake a ƙasan mota ko ramin gareji, ba kamar CNG da ke tashi sama ba. Ruwan sabulu ake shafawa a mahaɗai don gano yoyo.

Tambaya: Mun ji Brazil da rake take tuƙa motoci. Me zai hana mu zuba itanol a tankinmu? Ɗalibi, Zariya.

Amsa: Brazil ta fara shirinta a 1975 bayan tashin farashin mai na 1973, kuma tun 2003 ake sayar da motocin da ke shan fetur ko itanol ko haɗinsu. Motocin an gina su ne don haka, daga tiyo da famfo har kwamfutar inji. Itanol yana da kusan kashi biyu cikin uku na ƙarfin fetur, shi ya sa direbobin can ba sa sayensa sai farashinsa ya gaza kashi 70 cikin 100 na fetur.

Yawancin motoci masu injekta da aka ƙera daga 2000 zuwa yau suna ɗaukar haɗin kashi 10 ba matsala, shan mai ya ƙaru da kusan kashi 3. Fiye da haka a motar da ba a yi don shi ba, tiyo ya kumbura, robar kafireta ta lalace, inji ya riƙa yunwar mai. Kuma itanol ɗin da ake haɗawa da fetur sai an tsane shi daga ruwa kusan ƙaf. Wanda aka dafa a gida daga rake ko rogo yana ɗauke da ruwa, in ya shiga tanki sai ya rabu da fetur ya kwanta a ƙasa, daidai inda famfo ke zuƙa. Masu motocin da suka sha gurɓataccen fetur mai yawan metanol a Fabrairun 2022 a Legas da Abuja sun ga ɓarnar da irin waɗannan sinadarai ke yi a tanki idan sun wuce ƙima.

Tambaya: Ina da tsohuwar bas mai dizal, kuma ina samun man suya da aka gama da shi. In tace in zuba? Direba, Jos.

Amsa: Tacewa kaɗai ba ta isa ba. Man suya ya fi dizal kauri sau goma ko fiye, nozul ba ya iya fesa shi, sai ya ƙone rabi, ya daskare a zoben fistin, ya gangara cikin baƙin mai ya mai da shi kamar danƙo. A sanyin Jos abin ya fi muni. Sai an mai da shi bayodizal: kowace lita ɗaya ta mai busasshe daga ruwa ana haɗa ta da kusan mililita 200 na metanol da ɗan soda mai ƙuna, a zafin digiri 55, a juya sa'a guda, a bari gilisarin ya kwanta, a wanke, a busar. Metanol yana makantarwa, yana kama wuta, ba aikin tsakar gida ba ne. Idan ka samu wanda aka sarrafa da kyau, fara da kashi 10 zuwa 20 a cikin dizal, ka riƙe matatar mai ta safaya, domin yana wanko dattin tanki a makonnin farko. Sabbin injina masu famfon lantarki mai matsi sosai kuwa kada a kusance su da haɗin gida.

Tambaya: Akwai masu tallan kwalbar da ke sa mota ta sha ruwa, da ƙwayar da ake jefawa a tanki ta rage shan mai da rabi. Matashi, Gombe.

Amsa: Ka riƙe kuɗinka. Kwalbar tana raba ruwa da wutar batir don ta samar da iskar haidurojin, batir kuma alfaneta ke caja shi, alfaneta kuma fetur ke juya ta. Wutar da ake kashewa wajen raba ruwan ta fi wadda ake samu idan iskar ta ƙone. Ƙwayar ma ba ta ƙara wa lita ƙarfin da ba ta da shi. Da wannan kuɗin ka sauya matatar iska da filogi, ka duba na'urar auna iskar salansa, ka daidaita iskar tayoyi bisa adadin da ke rubuce a jikin ƙofar direba.