Tambayi Kaftin: Mai Son Zama Koci, Gwiwar Hajiya, da Allurar Nadi

Tambaya: Kaftin, ni saurayi ne ɗan shekara 23 a Shara Mansur, Makka. Shekara huɗu ke nan ina ɗaga ƙarfe, duk wanda ya gan ni a nadi (gidan motsa jiki) sai ya tambaye ni me nake ci. Abokaina sun ce in fara horar da mutane ina karɓar kuɗi. Ta ina zan fara? Babban burina in yi aiki da 'yan ƙwallo.

Amsa: Ƙanena, Allah ya ƙara ƙarfi. Bari in gaya maka abin da abokanka ba su gaya maka ba. A shekarunka, ko tamis da ful kawai mutum yake ci, in yana ɗaga ƙarfe damtse zai fito. Mutumin da zai zaro riyal ya biya ka kuwa ba sa'anka ba ne. Direba ne ɗan shekara 48 da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a zaune tsakanin Jidda da Madina, bayansa na ciwo, likita ya ce masa sukari ya hau. Me za ka yi da shi?

Ni a shekarata ta farko, a wani nadi a nan Jidda, an haɗa ni da wani dattijo mai shago a Bab Sharif. Sai na ɗauko tsarin da nake yi wa kaina, na ɗan rage, na ɗora masa. Ranar farko na sa shi tsugunne da ƙarfe a kafaɗa har sai da ƙafarsa ta fara rawa, ni kuwa ina ta murna wai ya yi aiki. Bayan kwana uku ɗansa ya kira ni ya ce Baba a zaune yake salla. Ba abin da ya karye, tsamin jiki ne, amma bai sake tako nadi ba. Ni na kore shi da hannuna. Tun daga ranar, zamana na farko da kowa hira ce: wane magani kake sha, an taɓa yi maka tiyata, awa nawa kake barci, ina ne yake ciwo in ka tashi daga sujada? Sannan in sa shi ya zauna a kujera ya miƙe, ya ɗaga hannu sama, ya yi tafiya ina kallo. Ƙarfe sai a zama na biyu ko na uku, shi ma ɗan kaɗan.

Sai maganar takarda. Manyan nadi ba za su dubi ƙirjinka ba, shaida za su tambaya. Waɗanda aka fi sani na Amurka ne, irin su NASM da ACE, kuma sharaɗinsu shi ne ka gama sakandare, kana da shaidar taimakon gaggawa da farfaɗo da wanda zuciyarsa ta tsaya. Wannan ta ƙarshe Hilal Ahmar, hukumar agajin gaggawa ta Saudiyya, na koyar da ita, da ita za ka fara. Ka lura kuma, jarrabawar ba ta yawan ɗagawa ba ce. Za ka haddace sunayen tsoka da gaɓoɓi kamar ɗan makarantar allo.

Ba ka faɗa min wace takarda ke hannunka ba. In ɗan ƙasa ne kai, hanya a buɗe take. In iƙama ce, wato takardar zaman baƙo, ka dubi sana'ar da aka rubuta a kanta kafin ka karɓi ko riyal ɗaya a hannun wani, domin yin aiki a wajen wanda ba shi ne kafilinka ba laifi ne a ƙasar nan, kuma ka fi ni sanin inda yake kai mutum.

Kasuwa dai akwai. Shirin ƙasar na 2030 ya sa burin ɗaga yawan masu motsa jiki a kowane mako daga kashi 13 cikin ɗari zuwa 40, kuma tun 2017 aka fara bai wa nadin mata lasisi. Amma ka san lokacin aikinka shi ne lokacin hutun kowa: bayan Asuba da bayan Isha. Da azumi kuwa daga Tarawihi har dab da sahur. Biki da suna da yawa za su wuce ka.

Game da 'yan ƙwallo, ban ga laifinka ba. Yaron Makka da ya ga Usama Hausawi ya tashi daga Al-Wahda har ya ɗaura kambun kyaftin na Saudiyya a gasar duniya ta Rasha a 2018, tare da Umar da Mu'utaz duk Hausawi a tawaga ɗaya, dole ya yi mafarki. Sai dai wannan wani layi ne daban. Shaidar da ake girmamawa a can ita ce CSCS ta hukumar NSCA, kuma ba ta samuwa sai da digiri. Aikin ma ba irin wanda kake zato ba ne. Ɗan ƙwallo ba ya bukatar ƙaton ƙirji, abin da kocinsa yake nema a wurinka shi ne yaron ya kai ƙarshen kaka tsokar bayan cinyarsa ba ta tsinke ba. Rabin aikin hana shi ƙarin atisaye ne ana saura kwana biyu wasa. Ga inda za ka fara a kyauta: ka nemi tsarin ɗumama jiki na FIFA 11+, minti 20 ne kacal, kuma bincike ya nuna yana rage raunuka da kusan kashi ɗaya cikin uku. Ka koye shi da kyau, ka je wurin yaran unguwarku da ke buga ƙwallo da daddare, ka yi musu shi wata shida. In suka jure maka, kai ma ka jure musu, to ka sake rubuto min.

Tambaya: Ɗana Kaftin, shekarata 58, ina zaune a unguwar Karantina, Jidda. Gwiwoyina sun matsa min, likita ya ce amosanin gaɓɓai ne, ga sukari. Umrata biyu ta baya a keke aka tura ni. Ina son ta azumi mai zuwa in yi da ƙafata. 'Ya'yana sun ce in zauna in huta kada gwiwar ta ƙarasa cinyewa. Wa zan bi?

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. 'Ya'yanki tausayi ne ya sa su, amma a wannan karon ba su yi daidai ba. Gwiwa mai amosani in aka ajiye ta, tsokar cinya ce take narkewa, ita ce kuwa mai ɗauke wa gwiwar kaya. Dama tun daga shekara 30 tsoka take raguwa da kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a duk shekara goma in ba a sa ta aiki ba. Zama yana ƙara mata gudu ne kawai.

Da farko ki koma wa likitanki ki gaya masa za ki fara motsa jiki, musamman in kina allurar insulin, domin sukari na iya faɗuwa ana cikin tafiya. Dabino uku su zauna a jakarki. Ki ce ya duba miki bitamin D ma. Matanmu da yawa a nan suna da ƙarancinsa duk da wannan rana tamu, saboda daga ɗaki sai mota.

Ba sai kin je nadi ba. Kujerar cin abinci mai ƙwari ta ishe ki. Ki jingina ta da bango, ki zauna, ki miƙe, ki sake zama a hankali kamar mai tsoron fasa ƙwai. Sau takwas, ki huta, ki ƙara takwas. In da wuya, ki sa matashi a kan kujerar ta ƙara tsawo, bayan mako biyu ki cire. Sannan ki kama bango ki yi ɗage a kan yatsun ƙafa sau goma. Kwana uku a mako. Ɗan ciwon da ya lafa kafin washegari ba komai. Wanda ya kwana ya wuni, ko gwiwar ta kumbura ta yi zafi, alama ce kin zarce, sai ki rage.

Tafiya kuma, mu yi lissafi da abin da kike nema. Safa da Marwa sau bakwai kusan kilomita 3 ne, ban da ɗawafi, wanda in cunkoso ya tura ki bene yake ƙara tsawo sosai. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki fara da minti goma bayan Magariba, ko a cikin babban kanti mai sanyi in zafi da gumin Jidda sun yi yawa, kina ƙara minti biyar duk mako. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi ya sami aƙalla minti 150 a mako, wato rabin awa sau biyar. Can za mu je, amma ba a watan farko ba. Wani abu kuma: a Harami ba takalmi, kan marmara za ki taka. Don haka in Umrar ta matso ki riƙa ɗan zagaya falo da safa kawai, tafin ƙafa ya saba.

Maganar kabsa da lugaimat ba zan tsananta ba, kada jikokinki su ce na shiga tsakaninku. Sai dai ki sani duk kilo ɗaya da kika sauke yana rage wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku. In ranar ta zo kika yi ɗawafi da ƙafa, kika hau keke a sa'ayi, ni a wurina kin ci riba. Ki sa ni a addu'a a can.

Tambaya: Kaftin, shekara ɗaya ina nadi a Hindawiyya amma jikina ya ƙi fitowa. Wani ya ce zai haɗa min "kos" na allura, wata uku in zama wani. Shekarata 20.

Amsa: Kada ka yarda ko da kyauta ne. Hormon ɗin maza ne na roba. In ya shiga, jikinka yana daina yin nasa, maraina su ƙanƙance, maniyyi ya ragu, hawan jini ya zo, hanta da zuciya su wahala, wasu ma nono ya fito musu. Na san waɗanda suka yi aure suna zaryar asibiti neman haihuwa saboda kos ɗin da suka yi suna samari. Mai sayar maka kuwa shi kansa bai san abin da ke cikin kwalbar ba.

Na ci amanar kaina in ban ce matsalarka abinci da barci ba ce. Mai gina tsoka yana bukatar furotin kusan giram 1.6 a kowane kilo na nauyinsa. In kilo 65 ne kai, giram 100 da ɗoriya ke nan a rana: ƙwai, laban, kaza, ful, adas, kifi, har da tsiren da Larabawan Hijaz suka ara a wurinmu suke ce masa siriya. Barci awa bakwai zuwa tara, ba hira a bakin titi har ƙarfe uku ba. Ka sayi ɗan littafi ka riƙa rubuta nauyin da ka ɗaga duk zuwa. Bayan wata uku ka ɗauki hoton shafin farko da na ƙarshe ka turo min.